Kai Biyu, Ƙugu Siriri: Daga Kundin Wani Malamin Kemistiri

Litinin, 6 ga Oktoba

Layin gabatar da maƙala a sashenmu ya zagayo kaina. Shugaban sashe ya ce in nemo batun da 'yan kemistiri da 'yan ilimin halittu za su zauna ɗaki ɗaya su saurara ba tare da rabinsu sun ɓuge da gyangyaɗi ba. Na ce zan yi magana a kan siffa guda, wato kawuna biyu masu kauri da siririn ƙugu a tsakani, wadda littattafanmu ke kira siffar dambel, ƙarfen nan na masu motsa jiki. Ya ɗaga gira ya ce, "Siffa kawai?" Na ce ai ita ce ta hana ni sakat, kowane littafi na buɗe sai na ci karo da ita.

Da hantsi ina da 'yan aji ɗaya, darasin kuwa ya faɗo daidai kan obital, wato yankin da elektiron ke zama a kewayen cibiyar ƙwayar zarra. Na zana musu na s, dunƙule guda. Sannan na zana na p guda uku, ɗaya ya miƙe gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa, ɗaya sama da ƙasa. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ai taɓarya ce!" Aji ya kwashe da dariya. Na ce ya rubuta hakan in zai taimake shi tunawa.

Tambayar da ta fi daɗi daga wata yarinya ta fito. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, kun ce ba a taɓa samun elektiron a tsakiyar nan ba. To ta ina yake bi ya tsallaka daga wannan kan zuwa wancan?" Na ce mata zanen ba taswirar hanya ba ce. A 1926 Erwin Schrödinger ya fito da lissafin da ya ɗauki elektiron a matsayin igiya mai kaɗawa, kuma a cikin shekarar Max Born ya bayyana cewa abin da lissafin ke faɗa shi ne yiwuwar samun elektiron a wuri kaza. Layin da muke zanawa ya kewaye inda yiwuwar ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Kai ɗaya yana ɗauke da alamar tarawa, ɗayan alamar ɗebewa, kuma waɗannan alamu ba na cajin lantarki ba ne, na fuskar da igiyar ta kaɗa ne. Duk lissafin da zai tashi daga tarawa ya gangara ɗebewa dole ya ratsa sifili. Sifilin nan shi ne ƙugun. Elektiron bai tsallaka komai ba, domin kawunan biyu abu ɗaya ne a lokaci ɗaya.

Ba ta gamsu ba, na gani a fuskarta. Na fi son haka da wanda ya haddace zanen ya tafi abinsa.

Talata, 7 ga Oktoba

Salansar mota ta tsage, sai na bi ta garejin Baffa da yamma. Har yanzu da kabaid yake walda. Ya buɗe wani gwangwani da ya naɗe bakinsa da leda, ya ciro guntayen dutse masu ruwan toka, ya zuba a kwandon tankin, ya ɗaure murfi tam. Da ruwa ya taɓa su sai tankin ya soma ƙugi, warin tafarnuwa ya cika rumfar. Ya kunna kan tocin, wuta ta fito ja-ja tana zubar da baƙin hayaƙi. Ya murɗa tiyon oksijin a hankali, harshen ya tsuke, ya koma shuɗi gajere mai huci. Zafin wannan ɗan harshe ya haura digiri 3,000.

Na ce, "Baffa, kun san abin da ke cikin dutsen nan kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, ni dai na san in ya sha ruwa ya ba ni wuta, in ya sha iska ya zama gari kuɗina su bi ruwa. Sauran bayanin naku ne 'yan boko."

Gaskiyarsa game da iskar, danshin da ke cikinta ne ke cinye dutsen. Abin da ban tsaya ɓata masa lokaci da shi ba shi ne, dambel ne maƙil a cikin kabaid. Ƙwayoyin kabon suna zaune bibbiyu, kowane biyu an ɗaure su da ɗauri uku, sun jeru duk suna fuskantar gefe guda, ƙwayoyin kalsiyam kuma sun cike tsakaninsu. Ruwa na zuwa sai ya maƙala wa kowane kai haidirojin guda, tagwayen su fice a matsayin iskar asitilin ba tare da ɗaurin tsakaninsu ya kwance ba. Kalsiyam ɗin shi ne farin taɓon da yaran gareji ke kwashewa su zubar bayan rumfa. Tun 1892 Thomas Willson ya gano hanyar dafa farar ƙasa da gawayi a murhun lantarki a Amurka, da zafin da ya kai wajen digiri 2,000, kuma a kan wannan hanya ake yin kabaid har yau.

Jiya ƙugun fanko ne, yau kuwa a ƙugun ƙarfin yake. Abin da ya fi burge ni, biyu daga cikin ɗauri ukun nan da obital ɗin p aka yi su. Na wannan kabon ya kwanta kafaɗa da kafaɗa da na wancan, tarawa ta haɗu da tarawa, ɗebewa da ɗebewa, sai ɗauri ya ƙullu. Alamun da yarinyar jiya ta ɗauka ado ne a allo, su ne ke riƙe da iskar da Baffa ke cin abinci da ita.

Kafin in tafi ya ce masu ayaba na yawan zuwa neman kabaid don nunar da kaya, shi kuma ya daina sayar musu. Asitilin na yaudarar 'ya'yan itace, su ɗauka iskar etilin ce da su da kansu ke fitarwa lokacin nuna. Matsalar ita ce dattin asenik da fosfaras da ke tare da dutsen, shi ya sa hukumar NAFDAC ke ta jan kunne a kai.

Laraba, 8 ga Oktoba

An sanar da kyautar Nobel ta kemistiri ta 2025 da rana: Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi. Wannan ya tuna mini da ta 2016, wadda ta shafi maƙalata kai tsaye. Zan koma mata a ƙarshen mako.

Yau kalsiyam na bi, daga taɓon gareji zuwa cikin jiki. Ƙwayar halitta tana tsare kalsiyam a waje da ƙarfin tsiya. In tana hutawa, abin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na abin da ke kewaye da ita ba. Saboda haka da an ɗan buɗe ƙofa ya kwararo, shigowar tasa ta zama saƙo: tsoka ta matse, ko jijiya ta saki sinadarinta. Sai dai kalsiyam ba ya iya isar da saƙon da kansa, sai ya samu mai ɗauka. Babban mai ɗaukar shi ne furotin ɗin da ake kira kalmodulin, wanda Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan suka gano a 1970, kowa a ɗakin gwajinsa.

Ƙaramin abu ne, amino asid 148. Yana da mazaunin kalsiyam huɗu, biyu a wannan kai, biyu a wancan. A 1985 Sudhakar Babu da Charles Bugg da William Cook da abokan aikinsu a Alabama suka haska kiristal ɗinsa da eksire, hoton ya fito dambel sak: ƙulli biyu da doguwar sanda murɗaɗɗiya a tsakani, tsawonsa duka nanomita 6.5. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da kalsiyam ya zauna, kowane kai sai ya buɗe wani ɗan aljihu mai ƙin ruwa, wanda amino asid ɗin metiyonin ya yi wa shimfiɗa. Da wannan aljihu yake damƙar sauran furotin.

Waɗanda yake damƙa kuwa ɗaruruwa ne. Akwai enzayim ɗin da ke sa tsokar hanji da ta jijiyar jini da ta mahaifa su matse. Akwai wanda ke aiki a ƙwaƙwalwa wajen ajiye abin da aka koya. Akwai kalsinurin, mai tayar da sojojin garkuwar jiki, wanda maganin saikulosiforin ke toshewa ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Har ƙwayar cutar tarin shiƙa ta san da zamansa, domin ɗaya daga cikin dafinta ba ya aiki sai ya shiga ƙwayar halittar mutum ya samu kalmodulin ya kunna shi.

Na kwanta da tambaya: ta yaya sanda mai ƙayyadadden tsawo za ta dace da abubuwa ɗaruruwa, kowanne da girmansa?

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci na leƙa ofishin wata abokiyar aiki da ta yi digirinta na uku a kan furotin. Na nuna mata hoton 1985. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, wannan ai hoton abin da aka daskarar ne. Zauna ka ga yadda yake in yana cikin ruwa."

Ta buɗe kwamfutarta. A 1992 Mitsuhiko Ikura da Ad Bax da abokan aikinsu a cibiyar NIH ta Amurka sun yi amfani da na'urar maganaɗisu ta NMR, wadda ke duba furotin yana narke a ruwa yadda yake a jiki. Suka ga tsakiyar sandar, wajen amino asid na 77 zuwa na 81, a warware take, kawunan biyu suna reto kowa da gefensa. Da aka sa masa guntun furotin ɗin da zai kama, sai ya lanƙwashe a ƙugu, kawunan suka rungume guntun ta gefe biyu, ya koma dunƙule. A shekarar Florante Quiocho da mutanensa a Houston suka ga irin wannan runguma da eksire. Ta juya mini hoton a allon kwamfuta, na ga babu sauran alamar dambel ko kaɗan. Amsar tambayata ta shekaranjiya ke nan: ƙugun ne ke ƙara tsawo ko ya rage gwargwadon abin da za a kama.

Ta ƙara mini da abu biyu. Na farko, kalmodulin ɗin mutum da na saniya da na kaza da na kwaɗo ɗaya ne, ko amino asid guda bai bambanta ba, kuma mutum yana da ƙwayoyin gado har uku, a kan kuromosom na 14 da na 2 da na 19, dukkansu abu ɗaya suke ƙerawa. Duk da haka in ɗaya ya samu tangarɗa ana ji a jiki. A 2012 masu bincike a Denmak suka gano canjin harafi guda a wani babban dangi na Suwidin da ke fama da rikicewar bugun zuciya, har wasu ke faɗuwa matattu da ƙuruciya.

Na biyu, a cikin 1985 ɗin nan Osnat Herzberg da Michael James a Kanada sun fitar da siffar turofonin C daga tsokar talotalo, shi ma dambel, shi ma mai kama kalsiyam. Waɗannan biyu 'yan uwan juna ne na haƙiƙa, jerin amino asid ɗinsu ya tabbatar da kakansu ɗaya. Ta ce in kula da wannan a maƙalar: Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma wani lokacin kamar ta jini ce, kuma ba da ido ake rarrabewa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na wuni a gida. Na samo guntuwar waya mai kauri, na zura mata zoben makulli, na soke lemun tsami a kowane baki. Zoben na zirga-zirga a kan wayar, amma ba shi da mafita. Da wannan zan nuna wa mutane rotaksen.

Babu wani ɗaurin sinadari tsakanin zoben da sandar. Abin da ya hana su rabuwa shi ne girman kawunan kawai. Ian Harrison da Shuyen Harrison ne suka fara haɗa irinsa a Kalifoniya a 1967, kuma da sa'a suka dogara. Suka kafe zobban a jikin wani ƙaro, suka riƙa kwarara musu sanduna da murafai, suna fatan wata sanda za ta faɗa cikin wani zobe kafin a toshe bakinta. Sai da suka maimaita sau 70 kafin su samu kashi 6 cikin 100.

Jean-Pierre Sauvage ne ya raba aikin da caca. A 1983 a Strasbourg ta Faransa ya sa ƙwayar jan ƙarfe ta riƙe gutsattsarin biyu a gicciye har a gama rufe su, ya samu zobba biyu sarƙe da juna. Fraser Stoddart, haifaffen Edinbara ta Sukotland, ya bi wata dabarar: zobe mai yunwar elektiron da sanda mai yalwarsa, su da kansu suke neman juna. Zoben nasa daga gida ɗaya ya fito da parakwat, maganin kashe ciyawar nan da manomanmu suka sani. A 1991 ya haɗa sanda mai tasha biyu, zoben na kai da komo tsakaninsu. A 1994 ya bambanta tashoshin, ya zama ana iya umartar zoben da asid ko da lantarki ya koma inda ake so. A 2004 mutanensa suka ƙera wani ɗan dandamali mai hawa da sauka tsawon nanomita 0.7. Shi da Sauvage da Ben Feringa na Holan suka raba Nobel ta 2016. Stoddart ya rasu a ƙarshen Disamban 2024.

Kada in cika baki a gaban 'yan ilimin halittu. A 2013 David Leigh a Manchesta ya ƙera rotaksen da zobensa ke bin sanda yana tsintar amino asid yana haɗa su bi da bi. Guda uku sun ɗauke shi wajen awa 36. Raibosom, injin haɗa furotin na ƙwayar bakteriya, yana haɗa kusan 20 a daƙiƙa ɗaya.

A kalmodulin kawunan ne ma'aikata, ƙugu na ba su sarari. A rotaksen aikin duk a ƙugu ake yin sa, kawunan gadi kawai suke yi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Kayan da ɗalibata ta digiri na biyu ta daɗe tana jira sun iso. Aikinta a kan gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne da hanyar LAMP, kuma yanzu ne lokacinsa, damina na bankwana, asibitoci cike da masu zazzaɓi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

Tsugunori Notomi da abokan aikinsa na kamfanin Eiken a Japan ne suka wallafa hanyar a 2000. Tsohuwar hanyar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, tana buƙatar na'urar da za ta ɗaga zafi zuwa digiri 95 don raba zaren DNA biyu, ta sauke, ta sake ɗagawa, sau 30 ko fiye. LAMP zafi ɗaya take so, tsakanin digiri 60 da 65, domin enzayim ɗinta, wanda aka samo daga wata bakteriya mai son zafi, yana ɓamɓare tsohon zare da kansa yayin da yake gina sabo.

Na ce ta bayyana mini yadda abin ke tafiya kamar ban taɓa ji ba. Ta yanko siririyar takarda mai tsawo, ta shafa jan biro a bakinta da kuma wani wuri ɗan gaba kaɗan, ta yi haka da shuɗin biro a ɗaya bakin. Ta ce, "Malam, faraima huɗu ne, wato gajerun guntayen DNA da enzayim ke fara gini a kansu, biyu na ciki biyu na waje, suna gane wuri shida a jikin DNA ɗin ƙwayar cutar. Na ciki kowanne rabi biyu ne. Rabin gaba ya manne, enzayim ya ɗora gini a kansa. Rabin baya yana reto, kuma da gangan aka tsara shi ya dace da wani wuri a jikin sabon zaren da ake ginawa. Sai na waje ya taho ta baya ya ture wannan zaren ya saki." Ta lanƙwaso bakin takardar, ja ya haɗu da ja, madauki ya fito. Ta lanƙwaso ɗayan, shuɗi ya haɗu da shuɗi. Ta ɗaga ta ce, "Ga dambel ɗinku."

Daga nan abin ba ya tsayawa. Bakin da ya lanƙwaso ya zama wa kansa faraima, enzayim ya ci gaba da gini a kansa. Madaukan kuma zare ɗaya ne a buɗe, sababbin faraima na sauka a kansu ba sai an tafasa komai ba. Kowane zagaye na haifar da sababbin madaukai. Cikin ƙasa da awa guda 'yan ƙwayoyi kaɗan sun zama kwafi biliyan.

Talata, 14 ga Oktoba

Gani ya kori ji. Ta ɗauko jinin da aka ɗiba daga yatsun manya da suka sa hannu a takardar amincewa, ta gauraya da ruwa, ta dafa na 'yan mintuna, ta juya a na'urar wulwulawa, ta tsotsi ruwan saman. Leo Poon da mutanensa a Hong Kong suka nuna tun 2006 cewa dafaffen jini ya wadatar, ba sai an tace DNA da kaya masu tsada ba. Kowace 'yar kwalba ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, abin da ke cikinta ɗigo guda ne mai ruwan shunayya saboda rinin da aka sa. Ta jera su a kan soso ta sa a tukunyar ruwan zafi mai digiri 65.

Ba a yi nisa ba aka ɗauke wuta. Janareta babu mai. Da PCR muke yi da aikin yau ya tashi a banza. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin bai ce uffan ba, ya ɗauko babban filas ɗin shayinsa, ya ɗauraye, ya juye ruwan tukunyar a ciki, ya sa soson da kwalaben, ya zura ma'aunin zafi ya rufe. Can da ya ga ma'aunin ya soma sauka, ya ɗora buta a kan risho ya ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ya ce da ɗalibar, "'Yata, ke dai duba agogo, zafin ki bar mini."

Da awa ta cika ta fito da su ta jera a kan farar takarda kusa da taga. Wasu sun koma shuɗi mai haske, wasu na nan da shunayyarsu. Dalilin sauyin shi ne, duk harafin DNA da enzayim ya ɗora sai ya yar da wani guntun fosfet, guntayen su kama maginiziyam ɗin da ke cikin ruwan, rinin kuma ya canza launi da maginiziyam ya ragu. Kwalbar da aka sa wa ruwa zalla ba ta sauya ba, wadda aka sa wa sanannen samfuri ta sauya. Gwajin ya tsaya da ƙafarsa.

Wani ɗalibi ya miƙa hannu zai buɗe guda ya leƙa, ta daka masa tsawa har ni sai da na zabura. Tana da gaskiya. Kwalba ɗaya mai shuɗi in ta buɗu, tururin da ba a gani zai watsa madaukai a benci da fifet da labule, daga nan ko ruwan famfo aka gwada sai ya nuna zazzaɓi. Saurin da ya sa hanyar ta yi farin jini shi ne kuma babban haɗarinta.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Jiya da yau muna kan fassara sakamakon. Wasu samfuran da gwajin gaggawa na tsinke ya ce babu komai sun yi shuɗi, masu jinin kuwa lafiyarsu ƙalau. Ba abin mamaki ba ne. Tsinken da madubin asibiti sukan fara gani ne in ƙwayoyin sun kai wajen 100 a maikirolita guda na jini, LAMP kuwa tana kama ƙasa da 5. Na ja mata kunne kada ta rubuta cewa waɗannan mutane marasa lafiya ne da aka yi sakaci da su. A inda sauro ya yi katutu, manya da yawa na yawo da ƙwayar ba tare da ta kayar da su ba. In irin wannan mutum ya zo da zazzaɓin taifod, gwaji mai kaifi zai iya sa likita ya kama mara laifi. Amfanin aikinta shi ne sanin inda cutar ke laɓewa da rani kafin sauro ya dawo. A tarin fuka lissafin daban ne, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da LAMP a maimakon duba majina a madubi.

Da dare na bi sauran dambel na DNA. Akwai enzayim masu gaigayar DNA daga baki, kuma zaren da aka rufe bakinsa biyu da madauki bai bar musu wurin sa haƙori ba. Kamfanin Pacific Biosciences na Kalifoniya ya gina na'urarsa ta karanta DNA a kan wannan. Ana liƙa wa guntun DNA madauki a kowane baki, a zuba enzayim mai gaigaya ya share duk wanda bai rufu ba. Sannan mai kwafi ya hau, ya bi zare ɗaya, ya zagaya madauki, ya dawo ta ɗayan, ya sake zagayowa. Kuskuren da ya yi a zagayen farko ba zai maimaita shi a wuri ɗaya ba, sai a haɗa karatun a fitar da sahihi. Wannan na cikin hanyoyin da aka bi aka cike kusan kashi 8 cikin 100 na kundin gadon ɗan Adam da aikin karanta shi na 2003 ya bari, aka wallafa cikakken a 2022.

Ƙwayoyin cuta sun riga kamfanin. Dangin agana, wadda tsofaffinmu ke ɗauke da zanzanarta, aka kuma shelanta kawar da ita a 1980, DNA ɗinsu a rufe yake baki biyu, kamar yadda Bernard Moss da mutanensa suka nuna a 1982. Haka 'yar uwarta ƙyandar biri, da ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017. Littattafai kuma na cewa cikin ƙwayar kanta dambel ne. Wannan kam aikin wuƙa ne. Abin faifai ne da ya lotsa ta fuska biyu, sai an yanka shi ta gefe yake ba da wannan siffa. Jar ƙwayar jini ma haka take.

Litinin, 20 ga Oktoba

An yi taron. Ɗakin ya cika, waya da lemun tsami sun zagaya hannu-hannu, ɗalibata ta naɗa takardarta a gaban mutane hannunta bai yi rawa ba.

Wani tsohon farfesa ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya ce, "Malam, mun ji daɗi. Amma ka tara mana abubuwan da kai da bakinka ka ce yawancinsu ba su haɗa komai ba. To mene ne amfanin tara su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, amfanin shi ne ɗalibanmu su daina tsayawa a kan zane." Duk shekara muna tambayar su siffar kaza, su rubuta dambel, mu ba su maki, alhali kalmar ba ta gaya musu komai ba. Abu uku nake so su riƙa tambaya. Me ke ƙugun: sifili ne kamar na obital, ɗauri uku ne kamar na kabaid, ko gaɓa ce mai lanƙwasa kamar ta kalmodulin? Mene ne aikin kawunan: kamu, gadi, ko rufe baki? Sannan a wane hali aka ɗauki hoton: a daskare, a narke, ko bayan an yanka? Wanda ya amsa waɗannan zai iya faɗin abin da zai faru in an taɓa abin, kuma iya wannan faɗin shi ne kimiyyar.

Farfesan ya ce ta ukun ce ta fi masa, domin ita ce ba a koyarwa. Ya nemi a sa ta a darasin 'yan aji uku.

Na yi amfani da damar na roƙi shugaban sashe ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙarshen baranda, don a raba inda ake haɗa kwalaben LAMP da inda ake duba su. Ya amince, da sharaɗin mu kwashe tarkacen da kanmu. Za mu fara ranar Laraba. Ɗibar jini ta biyu sai Fabrairu, lokacin da rani ya kankama.